Kowa Na Haƙa, Babu Mai Lissafi

Akwai wata igiya a rataye a bayan ƙyauren zaurenmu da ta girmi babban ɗana. Igiyar guga ce, ta rijiyar tsakar gida. In ka warware ta za ka ga ƙulli uku, kuma kowane ƙulli shekarar da aka yi mata ƙari ke nan don guga ya daina taɓo ruwa. Marigayi mahaifinmu ya yi na farko, ni na yi sauran biyun. Duk ƙarin igiya kuwa sai an kira masu yasa sun shiga sun ƙara wa rijiyar zurfi. A karo na huɗu da aka kira su, babbansu ya ɗan jima a ciki, muna jin ƙarar diga tana tsalle, sannan ya ɗago murya daga ƙasa ya ce, "Malam, a jawo ni. Dutse muka iso." Na biya su kuɗin wahala, muka rufe bakin rijiyar da kwano da bulo huɗu.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da kowa ke yi in Allah ya hore masa. Na haɗa ɗan abin da na samu na sallama da bashin da na ci a wurin ƙanena, na kira masu injin haƙa. Suka kwana biyu suna ruri a ƙofar gida, ƙura ta turnuƙe layi, yara suka yi dafifi suna kallo, a rana ta biyu da la'asar ruwa ya yi tsiri sama aka yi ta kabbara. Ban nemi izinin kowa ba, babu kuma wanda ya tambaye ni. Ban san ko mita nawa maƙwabtana suka haƙa ba sai a hira, mai haƙar kuma bai bar mini ko da ƙyallen takarda da ke nuna irin ƙasar da ya ratsa ba. Ya karɓi cikon kuɗinsa, ya naɗe bututansa, ya nufi wani layin.

Bayan kamar wata biyar wata dattijuwa da ke gida na uku da namu, ƙawar mahaifiyarmu ce, ta tare ni ina dawowa daga masallaci. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, tun da injinka ya fara kuka rijiyata ta yi shiru." Ba da faɗa ta faɗa ba, har da 'yar dariyarta. Na ce, "Inna, ai ruwa na Allah ne, ki turo yara su riƙa ɗiba." Ta ce ta gode. Amma ni na san abin da na yi: na mayar da mai rijiya mai roƙon ruwa, sannan ina jiran a gode mini.

Wannan magana ce ta sa na fara tambayar waɗanda suka karanci ilimin ƙasa, kuma bayanin da suka ba ni bai fi ƙarfin fahimtar kowa ba. Mafi yawan birnin Kano a kan tsohon dutse mai tauri yake zaune. Babu wani kogi da ke gudu a ƙarƙashinmu kamar yadda wasu ke zato. Ruwan yana maƙale ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama da kuma tsagogin da ke cikin mai taurin, shi ya sa za ka ga gida ya samu ruwa a kusa, na jikinsa ya zurfafa ya tashi a tutar babu. Sai ka nausa arewa maso gabas, wajen Haɗeja da Gumel har zuwa Barno, sannan za ka hau ƙasa mai yashi mai kauri da ke riƙe ruwa da yawa. Namu ɗan tulu ne, kuma damina ce kaɗai ke cika shi, wata uku zuwa huɗu a shekara. Duk wanda ya taɓa tona yashin gulbi da rani ya san sauran bayanin. In kun tona ramuka biyu kusa da juna, kai kana kwasa da ƙwarya, na ɗan'uwanka ja da baya yake yi. Famfon da ake zura wa burtsatse haka yake yi, sai dai shi ba ya gajiya, kuma rijiyar da ta fi kusa da sama ita ke fara bushewa. Wato ta talaka.

Ba na zargin wanda ya haƙa, tunda ni ma na haƙa. Gari ne ya fi bututu sauri. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kafa matatar Challawa, lokacin da kusan duk Kano a cikin ganuwa take. An gina madatsar Tiga a zamanin Audu Bako, an kammala madatsar Challawa a 1992, an ƙara babbar matata a Tamburawa a zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Amma a tsawon wannan lokaci gonaki sun zama filayen awon igiya, filayen sun zama unguwanni, har gari ya haɗiye ƙauyukan da a da sai an hau mota ake zuwa. Unguwa irin tamu ba ta taɓa ganin famfon gwamnati ba. Mutum kuwa ba zai zauna da ƙishi yana jiran kasafin kuɗi ba. Birnin da ke da Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki da Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu, wanda a da rijiya ɗaya kan isa a raɗa wa unguwa suna, yau layi guda sai ka ƙirga burtsatse goma.

Abin da ke damuna shi ne babu wanda ya san adadinsu. Je ka tambayi mai unguwa gidaje nawa ne a ƙarƙashinsa, zai faɗa maka, har da waɗanda ke haya da waɗanda aka yi rabon gado. Tambaye shi burtsatse nawa ne, zurfinsu nawa, guda nawa suka ƙafe bana, sai ya ce sai dai a bincika. Sakatariyar ƙaramar hukuma ta san yawan rumfunan kasuwa don akwai kuɗin shiga, amma abin da duk unguwa ke sha babu shi a kowane littafi. Muna ci daga rumbu ɗaya, kowa ya huda ta gefensa, kuma ba wanda ya taɓa leƙawa ta sama ya ga abin da ya rage.

Dokar ƙasa ba ta cike wannan giɓi ba. Dokar albarkatun ruwa ta 1993, wadda aka yi a zamanin soja, ta ɗora ikon ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun gwamnatin tarayya, ta kuma bar wa mai fili damar ɗibar ruwan ƙarƙashin filinsa don amfanin gida da dabbobi da ɗan ban-ruwansa ba tare da biyan komai ba. Wannan daidai ne a zamanin guga. Amma dokar da aka rubuta da tunanin mai jan guga ashirin a rana ita ce yau ke rufa wa mai cika tankuna asiri. Da aka zo sabunta ta kuwa, tun daga 2017 ƙudurin yake shiga majalisar tarayya yana fita, ana ta ce-ce-ku-ce, wasu na cewa dabara ce ta ƙwace bakin koguna a ba makiyaya, har aka yi watsi da shi. Ni ban yi kukan mutuwarsa sosai ba. Ko da ya wuce, ban ga yadda jami'in da ke zaune a Abuja zai san cewa rijiyar Inna ta ƙafe ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka ra'ayina shi ne a sauko da maganar nan ƙasa, zuwa inda ake jin ƙarar injin haƙa da kunne: mai unguwa, dagaci, kansila, sashen lafiya da na ayyuka na ƙaramar hukuma. Kuma kada a fara da doka mai tsauri. A fara da littafi.

Ga abin da nake nufi. Injin haƙa ba allura ba ne da za a ɓoye a aljihu. Mota ce guda, wani lokaci biyu, ba ta shiga unguwa a asirce. Kafin ta kafa ƙafa, mai gida ya sanar da mai unguwa, kamar yadda ake sanar da shi in za a sayar da gida. Bayan an gama, mai haƙar ya cike takarda guda: zurfin da ya kai, inda ya fara samun ruwa, inda ya shiga dutse, nisan ramin da masai mafi kusa. Kwafi ɗaya ga mai gida, ɗaya ga mai unguwa, ɗaya ya tafi ƙaramar hukuma. Masu haƙa sun san waɗannan abubuwa sarai, a kansu suke ajiye su, su tafi da su. A kowace mazaɓa kuma a ware rijiya biyu ko uku da za a riƙa auna zurfin ruwansu sau biyu a shekara, a ƙarshen damina da tsakiyar bazara, a rubuta, a manna a ƙofar masallacin Juma'a ko ta makarantar firamare. Igiya da ƙaramin ƙarfe da tef ɗin tela sun isa. Bayan shekara uku unguwa za ta ga da idonta ko tulun nata cika yake yi ko raguwa, kuma gardama da mai lamba a hannu ta fi wuya.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin ni ma na faɗa wa kaina. Duk littafin da ya shiga hannun ƙaramar hukuma rasit yake zama. Yau rajista, gobe matasa da riguna masu ɗaukar ido suna buga ƙofa suna neman kuɗin burtsatse na shekara, su karɓa a hannun malamin makaranta su tsallake gidan mai babbar riga. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma in haka za a yi gara a bar kaza cikin gashinta. Shi ya sa nake cewa rajistar gidan zama ta kasance kyauta, a rubuta hakan ɓaro-ɓaro a cikin dokar ƙaramar hukuma. Wanda zai biya shi ne wanda ya mayar da ruwan haja: masu ruwan leda, masu buga bulo, masu wankin mota, otal-otal, masu sayar wa tankoki. Su ma ba kuɗin ne kan gaba ba. A sa musu mita, a san abin da suke ɗiba, a hana su kafa rami a tsakiyar gidajen da ke dogaro da rijiyar guga. Mai gidan da ke cika tanki ɗaya a yini da mai masana'antar da injinsa ba ya hutawa ba za a auna su da mudu ɗaya ba.

Wani kuma zai ce, wace ƙaramar hukumar? Wadda ba ta iya kwashe shara? Gaskiya ne an daɗe da mayar da su 'yan amshin shata. Amma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma duk da aiwatarwar na tafiyar hawainiya, lokaci ya yi da za mu daina tambayar shugabanninsu abin da suka raba, mu fara tambayarsu abin da suka sani. Abin da na saba gani shi ne ciyaman ya haƙa burtsatse, a shafa wa tankin fentin jam'iyya, a yanka zare, bayan shekara biyu famfo ya lalace awaki su mayar da wurin makwanci, wanda ya gaje shi ya haƙa sabo a gefensa. A cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar nan, ina jiran in ga guda ɗaya da za ta yi alfahari da cewa ta san yawan ramukan da ke ƙasarta. Aikin nan bai kai kuɗin motar ciyaman ɗaya ba. Jiha kuma tana da nata: ta ba masu haƙa lasisi, ta ba ƙananan hukumomi masana, ta raba gardama in ruwan ya ratsa iyaka, tunda shi bai san inda Ungogo ta ƙare Fagge ta fara ba.

Ba mu ne za mu fara ba. Jihar Kalifoniya ta Amurka, inda a wani kwarin noma ƙasa ta nutse fiye da mita 8 a ƙarnin da ya wuce saboda yawan zuƙo ruwa, sai a 2014 ta yi dokar ruwan ƙarƙashin ƙasa. Kuma duk da kuɗinta da masananta, a hannun hukumomin yanki ta damƙa aikin, ta ba su kimanin shekara 20 su daidaita ɗiba da cika, da sharaɗin in sun kasa jiha za ta karɓe. Amma wanda ya fi kama da mu wani ƙauye ne a jihar Maharashtra ta Indiya, sunansa Hiware Bazar, shi ma a kan dutse yake, shi ma fari ya kori matasansa zuwa birni. Wajen 1990 suka zaɓi wani matashi mai suna Popatrao Pawar ya shugabance su. Suka tare ruwan damina da ƙananan shingaye da ramuka a jikin tuddai, suka hana haƙa burtsatse don ban-ruwa, suka hana shuka rake da ayaba masu shan ruwa. Abin da ya fi burge ni shi ne duk shekara bayan damina sai su auna ruwan sama da na rijiyoyi, su zauna a taron gari su yi kasafi: na sha da na dabbobi tukuna, abin da ya saura shi zai nuna abin da za a shuka da rani. Babu ɗan sanda a cikin maganar. Kowa ya ga lambar, kowa kuma ya san maƙwabcinsa ya gani.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan tunani. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan hurumin rijiya, kuma a mazhabar Malikiyya ma'aunin shi ne cuta: ba a yarda wani ya haƙa a inda zai janye ruwan rijiyar da ta riga shi ko ya gurɓata ta ba. Kowane ɗan Islamiyya kuma ya san labarin rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya a Madina ya bar wa jama'a. Na sha jin wa'azi a kan ladan haƙa rijiya, kuma masu hali na haƙawa, Allah ya saka musu. Ban taɓa jin huɗuba guda a kan alhakin ƙafar da ta maƙwabci ba.

Akwai kuma ɓangaren da ba a so a taɓa, wato abin da muke zubawa a tulun. Filin awon igiya ƙarami ne, mai gida yana so ya fitar da ɗakuna da shago, sai masai ya koma jikin katanga. Ta ɗaya gefen katangar kuwa nan maƙwabci ya ga ya dace ya kafa burtsatsensa. Kowannensu a cikin filinsa yake, babu wanda ya karya dokar da ya sani, amma taku biyar ne tsakanin abin da wannan ya zubar da abin da wancan zai sha. In damina ta sauka aka fara amai da gudawa sai a ce annoba ce ta shigo. Duba-gari na da, wanda iyayenmu ke ɓoye tulu mara murfi in an ce ga shi nan, da wannan aikinsa ne. A dawo da shi, a ba shi tef.

Sannan ƙofofin da ruwa ke bi ya koma ƙasa muna ta toshe su. Kududdufan da aka haƙa aka gina tsohon birni da ƙasarsu, waɗanda ke tare ruwan sama su shayar da ƙasa sannu a hankali, an cike da yawansu da shara an yanka filaye. Tsakar gida ta zama siminti, ƙofar gida ta zama intalok. Ruwan da ya kamata ya nutse sai ya bi kwata ya ci gidajen mutane a Agusta, a Afrilu kuma mu bi 'yan garuwa muna roƙon su sauke mana jarka biyu daga kura. Ambaliyar da ƙishin uwarsu ɗaya. Mutanen Haɗeja da Nguru sun riga mu sanin wannan, domin tun da madatsun sama suka rage malalar da ke shimfiɗuwa a fadamunsu, ruwan da ke sauka ƙasa ya ciyar da rijiyoyinsu shi ma ya ragu. Kududdufin da ya saura a kowace unguwa ya kamata dagaci da ƙaramar hukuma su shata shi su sa masa alama, a daina kallonsa a matsayin filin da bai samu mai saye ba.

Wani sabon abu ma ya shigo da ya sa nake ganin ba mu da lokaci. A da tsadar fetur ce ke yi mana linzami. Mutum kan tayar da janareta ya cika tanki ya yi maza ya kashe. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 jama'a suka koma sola, a gidaje da gonakin rani. Alheri ne, ni ma ina tara kuɗinta. Amma famfon da rana ke juyawa ba ya cin ko sisi, don haka ba mai tashi ya kashe shi. Sau nawa ka wuce ka ga tanki na ambaliya tun hantsi, ruwa na bin lungu, masu gida na ciki?

Bayan sallar da ta wuce na ɗauki maganar na kai wa mai unguwarmu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, kana so a ce na fara ƙirga dukiyar mutane?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a fara da tawa." Muka sayi littafi mai bango mai tauri irin na 'yan kasuwa, na rubuta sunana a layin farko da zurfin ramina da shekarar da aka haƙa. Zuwa yanzu gida goma sha ɗaya sun rubuta. Wani Alhaji ya ce sai ya yi shawara, mai gidan ruwan ledar da ke bakin titi kuma ya aiko yaronsa ya tambaya ko gwamnati ce ta turo mu.

Rijiyar da muke aunawa ta tsohon masallaci ce, don ita kaɗai ta rage da ruwa a cikin na guga. Na kwance igiyar nan daga bayan ƙyaure, na ɗaura mata ƙaramin kwaɗo a baki, ni da ladan muka zura har muka ji ya taɓa ruwa, jikan Inna ya riƙe tef yana karanto mana. Mun rubuta na ƙarshen damina. Na bazara sai watan Afrilu, kuma ladan ya ce in zo da ƙarin igiya ko da za a buƙata.